Ɗankande, Sarkin Baƙi na Tishigu

Haihuwa da karatu

Da hantsi, ana yayyafin farkon damina, aka haifi Malam Abdulgafaru, wanda aka fi sani da Ɗankande, a unguwar Tishigu cikin Tamale, shekarar 1897. Mahaifinsa Sayibu Bakatsine ne mai fataucin goro, mahaifiyarsa Humu kuwa, da ake ce wa Kande, 'yar Dagomba ce. Ya yi karatun allo, amma gaskiya bai yi nisa ba, don tun yana ƙarami aka ɗora masa hidimar baƙi.

Sana'a da aure

A 1919 mahaifinsa ya riga mu gidan gaskiya, Ɗankande ya gaji masaukinsa na fatake. Al'adar masu masauki ita ce baƙo amana ne, wanda ya sha ruwan gidanka ba ka miƙa shi ga kowa. Ɗankande ya riƙe wannan har fatake suka riƙa kiransa Sarki, alhali ba wanda ya naɗa shi. A bakinsu sarki ba sai mai rawani ba. Duk wanda za ka kwana a inuwarsa ba fargaba, to sarki ne. Ya auri Mariyatu a 1921.

Sarauta

A 1926 dattawan Zongo, unguwar baƙi, suka naɗa shi Sarkin Baƙi, Baturen mulki ya amince. Ranar naɗin Mariyatu ta ce masa, “Malam, wanda ya yarda maka da rawani, gobe shi zai aike ka fa.” Dariya ya yi.

Da shekara ta zagayo Bature ya nemi majiya ƙarfi domin aikin tilas na hanyar Kumasi, aka yanka wa kowane mai sarauta nasa kason. Ɗankande ya duba 'ya'yan maƙwabta, ya kasa haɗa ido da iyayensu. Sai ya nuna samarin Zabarmawa da suka sauka a zaurensa. Babbansu, Tahidu, ya dube shi da ake fita da su, ya ce, “Sarki, mun fa sha ruwan gidanka.” Biyu daga cikinsu ciwo ya kashe su a wurin aikin. Labari ya bi ayari har Wagadugu, fatake suka karkata jakunansu zuwa wasu gidaje.

Ƙarshen rayuwarsa

A 1934 ya kwance rawani da hannunsa. Daga nan in aka ce masa “ranka ya daɗe, Sarki,” sai ya ce, “Ku ce Ɗankande, ya isa.” Duk da haka kullum yana sa a share zaure, a cika randa, da la'asar ya zauna yana kallon hanyar arewa. Haka ya yi ta yi har ƙarfinsa ya ƙare, baƙo ko ɗaya bai sake sauka ba.

Rasuwarsa

Allah ya yi masa cikawa ranar Talata cikin watan Safar, shekarar 1948, bayan gajeruwar jinya. Ya bar 'ya'ya huɗu: Abukari, Adiza, Azeta da Fusena. Allah ya jiƙansa, ya yafe masa.

Jana'izar ba ta tara jama'a ba, galibi tsofaffi ne. A hanyar maƙabarta masu ɗaukar makara suka gaji, babu mai canji. Wani matafiyi da ke wucewa ya ajiye kayansa a gindin ɗorawa, ya sa kafaɗa har bakin kabari. Ko da Abukari ya waiwayo bayan addu'a, mutumin ya ɗauki kayansa ya yi nisa, ba wanda ya san ko wane ne.