Wayar Birki A Bakina

A farkon shekarun tamanin ni mai gyaran keke ne a bakin kasuwar Dutsin-Ma, saurayi mai ƙarfi da taurin kai. Boko a firamare na ajiye ta. Mutumin Rawayau ne ni, kuma danginmu na wajen uwa an san su da abu ɗaya, haƙoran gaba da suka yi waje, ko an rufe baki sai sun leƙo. Ni da ɗan kawuna muka fi kowa kwaso su. Tun muna yara tare ake tsokanarmu, shi ya sa abin bai cika yi mani ciwo ba.

Shi ya yi kwalejin horon malamai, ya samu aiki a Zariya. Wata Sallah ya dawo bakinshi cike da ƙarfe, wai likitan haƙori ne ya ɗaura mashi waya don ta riƙa tura haƙoran ciki a hankali. Taubashina ne, ina da ikon faɗa mashi duk abin da na ga dama. Na ce an sa wa ɗan kawu linzami, saura sirdi. Mutane suka yi ta dariya, har da shi. Da muka keɓe ya ce mani ban da wasa, in shirya ya kai ni, a ɗakinshi zan sauka, ya riga ya yi wa likitan maganata. Na ce mashi ni ba doki ba ne. Gaskiyar magana ba wannan ne dalili ba. Ba zan iya shiga Zariya a bayanshi ba, yana fassara mani Turanci a gaban mutane.

Bayan kamar shekara biyu aka cire mashi wayar. Haƙora suka jeru reras, har an goge bakinsu sun yi daidai. A wani gidan suna a Kurfi na ji wata innarmu tana cewa yanzu ni kaɗai na rage da gadon kaka. Ranar ko tuwo ban ci ba.

Sai na ce wa kaina, waya ce fa kawai, ni kuwa da waya nake cin abinci. Ƙafar keke in ta karkace ni ke ɗaure ta ta miƙe. Na warware wayar birki, na zare siraran silinta, na naɗe haƙoran gaba guda huɗu na ɗaure su da na gefe, kullum in ƙara murɗawa da filaya. Wani wanzami a kasuwar Kurfi ya goge mani bakinsu da magagari. Ya ce ya isa haka, na ce ya ƙara. Daga nan ko iska ta shiga bakina sai na ji har tsakar kai. Wayar ta nutse cikin dasashi, baki ya fara wari, masu kawo gyara suna yi mani magana suna kau da fuska. Da haƙoran suka fara motsi murna na yi, na ɗauka aiki ne ke ci. Wata rana ina shan rake, haƙora biyu suka biyo shi. Sauran biyun a asibiti aka cire.

Da ɗan kawu ya zo duba ni na jira tsokana, don haƙƙinshi ne ya rama. Bai yi ba. Ya dubi bakina, sannan ya ce, "Ɗan gwaggo, ai na ce ka zo." Tun ranar bai sake yi mani wasa ba, kuma wannan ya fi mani cire haƙoran ciwo.

Tun ban kai hamsin ba goro sai na goga shi a gwangwani kamar tsoho. Ɗan kawu ya sha cewa zai kai ni a yi mani haƙoran roba, ina ƙi. Ba zan yi maku ƙarya ba, har yanzu in ya yi dariya raina ɓaci yake. Abin da na gane shi ne, ba haƙoran nake son gyarawa ba, so nake in nuna ban buƙace shi ba. Matasa, kada wanda ya kai hannu bakinshi da sunan gyara, akwai masu aikin. Kuma in ɗan'uwanka ya ce ka zo, ka tashi ka bi shi tun kana da abin da za a gyara.