Dattijo Mai Zaɓar Jaka

A ɗakin jiran likitan ido, wata malamar makaranta tana zaune kusa da wani dattijo, ta kasa ɗauke ido daga wayarsa. Ya kusa manna fuska a jikin wayar, tabarau ya zamo masa har ƙarshen hanci, yana tura hotunan jakunkunan mata ɗaya bayan ɗaya. Hutun ƙarshen shekara ya ƙarato, kyauta yake nema a intanet. Wuyan rigarsa ya koɗe, amma ta sha guga. Da gani akwai mai kula da shi a gida. Ƙila tsohon direba ne, don hannun nan ya ga aiki.

Malamar ta tuna da gidanta. Nata maigidan, in hutu ya zo, iyakarsa ya ce, "Ki saya wa kanki wani abu mana."

Sai dattijon ya miƙo mata wayar. "'Yata, taimaka mini. Ta uwar 'ya'yana ce. Wacce ta fi kyau?"

Wata koriya mai doguwar igiya ce ta fi, nesa ba kusa ba. Amma ta nuna wata mai ruwan ƙasa, mummuna kamar buhu.

"Wannan, Baba."

Ya ƙura mata ido, ya girgiza kai yana murmushi. "A'a, ita kore take so. Kuma tana fama da ciwon hannu, mai doguwar igiya za ta fi mata sauƙi."

Ya danna koriyar. Malamar ta juya tana kallon bango, har aka kira ta ba ta ji ba.