Laujen da Kakana Ya Ɓoye

Duk lokacin da na ji ana wasa lauje a kan dutse, sai na tuna kakana, na kuma duba hannuna na hagu. Ni bahago ne. A gidanmu, can wani ƙauye kusa da Minjibir, wannan ba ƙaramin abin magana ba ne lokacin da nake yaro.

Kakata ce ta ɗaukar wa kanta aikin gyara ni. Da an ajiye kwanon tuwo sai ta zare tsohon ɗankwalinta ta ɗaure min hannun a ƙugu. Cin abinci da karɓar abu daga hannun babba na koye su da dama, kuma har yau ina gode mata, domin tarbiyya ce da addini. Sai dai ita ba a nan ta tsaya ba. Jan guga, jifan tsuntsaye a gonar gero, har sosa ƙeya, duk da dama take so a yi. Ranar gayya kuwa a bakin layi ake ajiye ni, don fartanyata ba ta rabuwa da karo da ta maƙwabcina. A haka na saba, da zarar na ga babba sai hannun ya nemi wurin ɓuya.

Baffana, ƙanin mahaifina, yana da wata tsohuwar akori-kura. Da rani yakan ɗauko tumatir da albasa daga lambunan Watari ya kai birni, ya dawo yana ƙanshin fetur da ganyen tumatir. Ba abin da nake so a duniya kamar motar nan. Kuma ba sha'awa ce kawai ba. Gonar gado an yi ta raba ta har kason kowa bai fi a shimfiɗa tabarma ba, saurayin da bai kama sana'a ba sai ci-rani. Ni kuwa ba na son barin gida.

Da na gama sakandare na durƙusa gabansa na roƙe shi ya koya min tuƙi.

"Bahago ba ya tuƙi," in ji shi. "In ya firgita hagu zai karya sitiyari, hagu kuwa hannun masu tahowa ne. Ba zan ɗora maka rayukan mutane ba."

Ba mugunta ba ce. A tasha ya ji, ya kuma yarda har zuciyarsa. Na tashi na koma bayan rumbu na yi kuka, da girmana.

Kakana mutum ne mai ƙarancin magana, ban ma san labarin ya kai masa ba. Washegari bayan la'asar, mazan gida na zaune a gindin darbejiya, sai ga shi da wani abu naɗe a buhu. Ya warware, lauje ne. Ya miƙa wa Baffa ya ce ya yanko masa ciyawar da ke jikin danga. Baffa ya ja sau ɗaya, sau biyu, laujen sai zamewa yake a kan ciyawar. Ashe a juye maƙeri ya ƙera shi. Tsohon ya karɓa da hagu, ya durƙusa, kafin ka ce me ya tara dami guda.

"Ni ma an ɗaure ni," ya ce. "Tun kafin a haife ka nake yanka da wannan, can fadama inda ba mai gani. Ga yatsuna, duba ko akwai wanda ya ɓata."

'Ya'yansa ma ba su taɓa sani ba. Sai muryar kakata daga bayan danga: "Ni dai na rufa maka asiri, kai ka tona kayanka."

Baffa ya yarda zai gwada ni sau ɗaya, bayan kaka. Ya nuna min burki da kuloci da totur a ƙofar gida, sannan wata safiya muka nufi burtali, hanyar shanun nan mai shingen aguwa dama da hagu. Mu uku a gaba: ni a mazaunin direba, Baffa a tsakiya, kakana a bakin ƙofa. To ga manya biyu a gefena. Ban san lokacin da na tura hannun hagu ƙarƙashin cinyata ba. Na riƙe sitiyari da dama, mota ta tashi, na sake shi don in sauya giya. Sai ji na yi mun afka cikin aguwa, farin ruwanta ya fallatsa a gilashi. Kuma shingen hagu ne.

"Ka gani ko, Baba?" in ji Baffa.

Kakana bai kalle shi ba. Ni ya leƙo. "Ina ɗaya hannun?"

Na sunkuyar da kai.

"Fito da shi. Nan ba tuwo ake ci ba."

Na ɗora hagu a kan sitiyari, dama a kan giya. Motar ta miƙe ɗoɗar, kamar don ni aka ƙera ta. Mun kusa ƙarshen burtalin wani ɗan akuya ya faɗo daga shinge. Hannuna bai karkata ko'ina ba, burki na taka, motar ta yi tsalle ta mutu saboda na manta da kuloci. Baffa ya daɗe yana dariya. "Hannun ba shi da laifi," ya ce. "Ƙafar nan taka ce sai an yi aiki. Gobe da sassafe ka zo ka wanke mota."

Ba zan yi maka ƙarya ba, giya ta wahalar da ni wata da watanni, don damata ba ta da laushi. Amma ta saba. Na tsufa a kan titi yanzu, na ga direbobi iri-iri, kuma abin da na ga yana kayar da su gaggawa ce, da gyangyaɗi, da latsa waya. Ban taɓa tsayawa a wurin haɗari na ji an tambayi da wane hannu direban yake rubutu ba.

Kakana ya rasu, Allah ya jiƙansa. Da aka zo rabon kayansa ba wanda ya yi min gardamar laujen. Yana ƙarƙashin kujerar motata. Burtalin ma gidaje sun cinye rabinsa, motocin yanzu kuma da yawa ba ruwansu da sauya giya.

'Yata ta fari bahaguwa ce, ba wanda ya taɓa ɗaure mata hannu. Bana ta ce in koya mata mota, na kai ta ragowar burtalin nan. Ta zauna, ta yi bismilla, sai na ga hannunta na hagu ya sulale cikin hijabi, don ina kusa.

Na ce, "Fito da shi, 'yata. Nan ba tuwo ake ci ba."

Ta fito da shi, muka tafi.