La'adar Bindigar Mamaci

Matso kusa, ɗan'uwa, jawo kujera. Ni yanzu ba na yin nisa da gida, sai dai a zo a same ni, kuma maganar da zan gaya maka ba ta ɗaga murya ba ce. Sunana bar shi kawai. Waɗanda suka san ni a Tottenham sun sani, waɗanda ba su sani ba kuwa babu abin da zai ƙara musu.

Ni ɗan dillali ne. A Kano na tashi, a rumfar mahaifina inda ake sayar da kayan gwanjo. Boko ban wuce firamare ba, amma Allah ya ba ni ido da kunne. In ka ajiye min rediyo ko keke, kafin ka gama gaisuwa na san kuɗinsa, kuma daga muryarka na san ko matsuwa ce ta kawo ka. Mahaifina yana da doka guda. Duk wanda ya kawo kaya sai ya tambaye shi, "Wa ya san ka da shi?" In babu amsa, sai ya ce, "Ɗauki abinka, Allah ya kawo kasuwa."

Matata ce ta kawo mu London. Aikin jinya ta samu, ni da 'yarmu Ummi muka biyo ta. Tun asali ni mazaunin gida ne. Tube ma, jirgin nan nasu na ƙarƙashin ƙasa, tsoro yake ba ni. Maman Ummi ta fita aiki, ni in kai yarinya makaranta, in dawo flat in ɗora tukunya, in buɗe rediyo. Ina jin daɗin zaman nan, ba zan ɓoye maka ba. Da la'asar Ummi ta dawo ta zauna a kan tebur ɗin kicin tana ba ni labari da Turanci, ni ina amsa mata da Hausa, kowa ya gane rabin ɗan'uwansa, muna dariya.

Sannu a hankali mutanenmu suka gano ni. Wannan ya turo hoton firji, "Kawu, nawa zan taya?" Wancan ya kawo keken yaro. Ni ba na rubutu a waya, sai dai in danna in yi magana, in aika da murya. Idan ciniki ya faɗa, mai saye da mai sayarwa kowa ya ɗan miƙo la'ada, kamar yadda ake yi a gida. Ba wani abu ba ne mai yawa, amma namiji yana son ya ji shi ma ya sayo buhun shinkafa.

A nan na haɗu da Mumuni. Mutumin Kumasi ne, ɗan zango, unguwar masu jin Hausa ta can, yana da motar kwasar kaya. In tsoho ya mutu, ko an tashi daga gida, shi ake kira ya kwashe tarkace. Mai fara'a ne, ga ban dariya. Da farko kujeru da fitilu yake kawowa. Daga baya sai wayoyi marasa kwali, sai keke mai alamar an yanke masa sarƙa. Ranar farko na buɗe baki zan yi tambayar mahaifina, sai ya riga ni.

"Kawu, nan London ne. Tambaya shi na kashe kasuwa."

Na yi dariya, na haɗiye tambayar. Na ce a raina, ai ni dillali ne. Kaya ba nawa ba, kuɗi ba nawa ba, baki kawai nake sa wa. Ka riƙe wannan maganar, don ita ce ta kai ni inda na je.

Wata ranar Talata da hantsi, ina yanka albasa, Mumuni ya buga ƙofa. Ya shigo rungume da wani tsohon microwave, bayansa kuma wani dogon saurayi da bai taɓa sauke hular rigarsa ba har ya fita. Ban san sunansa ba, Mai Hula nake ce masa. Mumuni ya ɗora microwave a kan tebur ɗin da Ummi take zama, ya buɗe, ya zaro wani abu naɗe cikin tawul. Ƙaramar bindiga ce, irin mai tulun harsashi da yake juyawa, wadda tsofaffinmu suke kira libarba. Ga harsasai a gwangwanin taba.

"A gidan wani tsoho da ya mutu na samu shi," in ji Mumuni. "Kayan tarihi ne, Kawu. Ni na faɗi kuɗi, wannan yaro ya ce na yi tsada. Mun yarda kai ka raba mu."

Na ce, "Mumuni, fitar min da wannan abin daga gida."

"Minti biyu kawai. Kai ka san tsohon ƙarfe. Ko idon ya mutu ne?"

Mai Hula ya yi tsaki, ya ce da Turanci wannan tsohon mai girki me ya sani.

Wallahi abin da ya kama ni ke nan. Ba kwaɗayi ba ne ya fara shiga, raini ne na kasa haɗiyewa. Na goge hannuna a jikin riga, na ɗauka. Ban taɓa riƙe bindiga ba, amma hannun dillali ba ya jiran izini. Na juya ta, na kai ta hasken taga. Na ga tsatsa a bakinta, na ga mariƙin katako ya tsage an like shi da gam. Na ce wa Mumuni kayan da aka yi wa faci ba a yi musu kuɗin lafiyayye, ya rage kashi ɗaya cikin uku. Ya ce albarka. Na juya ga Mai Hula na ce shi ma tayinsa cin fuska ne, abin da ba a samu a kanti ba a taya shi kamar tumatir. Ka ji ni fa! Ina tsaye a kicin ɗin matata ina yi wa makami talla. Muka yi ta ja, na ɗaga wannan, na sauke wancan, har Mumuni ya ce ya sallama.

Sai wata rigimar ta taso. Ashe Mai Hula ba zai ɗauka da kansa ba. Akwai wani da yake kai irin waɗannan kaya daga hannu zuwa hannu, kuma yana da nasa kuɗin. Wa zai biya shi? Na ce ai wannan a bayyane take, ko a kasuwar shanu mai saye ne yake biyan kuɗin mota. Suka yarda. Kowannensu ya zaro fam hamsin ya ajiye min.

A nan hankalina ya dawo. Na ture kuɗin na ce na yafe. Fuskar Mumuni ta sauya, fara'ar nan ta ɗauke kamar an kashe fitila.

"Kawu, wanda ya ga ciniki bai ci la'ada ba, shi shaida ne. Kai shaida ne?"

Mai Hula bai ji Hausa ba, amma ya tsaya yana kallon hoton Ummi da ke manne a jikin firji. Na sa hannu na ɗauki kuɗin.

"To, kaya shi na zama wurin dillali sai an gama biya," in ji Mumuni. "Kai ka koya mini." Gaskiya ne, ni na koya masa. Suka fita suka bar min microwave da bindigar a ciki.

Na ɗora shi can saman kabad. Suka ce gobe mai ɗauka zai zo. Gobe ta zo, bai zo ba. Jibi ma haka. Na riƙa aika wa Mumuni murya: ku zo ku kwashi kayanku, ni na gama nawa, na yi muku kuɗi na raba ku, me kuma ya rage? Ya ce an yi cancel, wai mai ɗauka ya ƙara kuɗinsa, Mai Hula ya ƙi. Har ya roƙe ni in sake sa baki a kan wannan ma. Na sa, don in rabu da masifar.

Ɗan'uwa, ka taɓa zama a ɗaki ka ji bango yana matsowa? In na kira 'yan sanda, me zan ce ya kai zanen yatsuna jikin bindigar, kuma takardar zamana a ƙasar nan rataye take a wuyan aikin matata. In na jefar a kogi, Mai Hula ya san ƙofata, ya san fuskar 'yata. In na gaya wa Maman Ummi, da wane baki? Gidan da na fi so a duniya ya zama ba na iya zama a cikinsa, ba na kuma iya fita in bar shi. Abinci ya daina shiga. Ta dube ni ta ce, "Baban Ummi, ko hawan jinin ne? In yi maka booking wurin likita?" Na ce mura ce.

Wata la'asar na fito daga banɗaki na tarar da Ummi a kan kujera, ta miƙa hannu saman kabad tana neman biskit ɗin da nake ɓoye mata. Yatsunta suna kan ƙofar microwave. Na daka mata tsawar da ban taɓa yi ba. Ta sauko tana kuka, ta ce da Hausarta mai tsami, "Baba, ni ban yi komai ba." Ranar ba ta zauna a kan tebur ba.

Ban kai ga yanke shawara ba aka yanke min. An kama Mumuni a kan wani laifin daban, aka buɗe wayarsa, ga muryata nan jere kamar wa'azi. Da safe 'yan sanda suka zo, ina ɗaura wa Ummi igiyar takalmi.

A kotu aka kunna muryar, tafinta yana juyawa. Na ji kaina ina cewa mai saye ne zai biya kuɗin kaiwa. Lauyana ya ce min bindigar ba ta cikin kayan tarihin da doka ta ƙyale, kuma a nan babu ruwan kowa da cewa kai dillali ne: wanda ya sa kuɗi, ya ajiye, ya karɓi lada, yana cikin cinikin tsundum. Shekarun da alƙali ya yanka min sun fi yatsun hannu ɗaya.

Zaman kurkuku ba zan ja maka shi ba. Ƙofa ce da ba ta da mariƙi ta ciki. Maman Ummi ta riƙa zuwa, Allah ya saka mata, ba ta taɓa ɗaga min murya ba. Sau ɗaya kawai ta ce, "Da ka gaya min, da mun je tare." Wannan ta fi min tsawa ciwo. A can na koma ga Allah da gaske, na roƙi gafara, na kuma gode da aka kama abin kafin ya shiga hannun da zai harba shi. Don sai a can na tambayi kaina abin da ban tambaya ba a kicin: Mai Hula ɗan wa zai nuna wa ita?

Na fito, amma ban gama fita ba. Akwai na'urar bibiya ɗaure a idon sawuna. Lokaci-lokaci ina zuwa ofishin shige da fice a Croydon in sa hannu, domin har yanzu ba a yanke ko za a bar ni da iyalina ko za a mayar da ni gida ba. Duk ranar zuwa sai na yi sallama da su kamar mai tafiya, in hau jirgin tram ina kallon taga ban san ko zan dawo ta hanyar ba. Ni da nake son zaman gida, yau an ce min zauna, kuma ban san ko gidan nawa ne ba.

Ummi ta zama budurwa. Kwanan baya ina dafa mata shayi, ta tsaya a bakin kicin ta ce, "Baba, nawa suka ba ka?" Na ce fam ɗari. Ta gyaɗa kai, ta ɗauki kofinta ta shige ɗaki. Ni da na yi rayuwata ina gane cuta a ciniki, ban taɓa ganin wanda aka yi wa tayin banza ya sallama kamar ni ba.

Saboda haka, ɗan'uwa, in an kawo maka abu an ce ido kawai za ka sa, ko baki kawai, ko ajiya ta kwana ɗaya, yi tambayar mahaifina. In babu amsa, kada ka taɓa, kada ka taya, ka bar su su ce ba ka iya ba. In kuma ka riga ka shiga, gaya wa na gida tun yau, ku je tare. To ni dai ka ji kuɗin da na sa wa zamana da 'yata. Kai fa, in aka zo taya naka, nawa za ka ce?