Layin Ƙarshe na Malam Zulkiflu Rufa'i

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Da hantsin Talata, 14 ga Maris, 2006, ajali ya riski Malam Zulkiflu Rufa'i, malamin kimiyyar sinadarai a jami'a, a gidansa da ke unguwar Kabalaye. Abokina ne na shekara arba'in.

Zulkiflu, kakanka Makka ya nufa da ƙafa, guzuri ya ƙare masa a garin nan. Bai bar muku gona ba sai gafakar littattafan da ya kwafa da hannunsa, kowanne da layi guda a ƙarshe: wanda ya karanta ya kwafa, wanda ya kwafa ya ba wani, ya yi wa marubuci addu'a.

Shekarar da aka karya darajar kuɗin sefa, littattafan Faransa suka fi ƙarfin ɗalibanka. Mutum goma kan littafi ɗaya, kamar an ajiye akushi. Sai ka zauna ka rubuta naka. Ka samo tsohuwar na'urar gurza takarda, mai shafa wa mutum tawada har gemu, kana rabawa kyauta, layin kakanka a ƙasan shafin ƙarshe. Na ce maka haka ake mutuwa ba mota. Ka ce ai kakanka ma bai hau ba. Ni da idona na ga kwafin kwafin littafinka a gadar Ngueli, ɗaure a bayan babur, rubutun ya kusa gogewa.

Da ma'aikatar ilimi ta kafa kwamitin littattafan kyauta, za a zuba su a faifan kwamfuta, wani jami'i ya nemi a cire layin daga littafinka, wai ba kimiyya ba ne. Ka dube shi ka ce, "Ranka ya daɗe, layin nan shi ne littafin. Sauran duk sharhi ne."

Ka tafi saura babi biyu a juz'i na uku. Ran sadakar uku wani mai ɗab'i ya zo gaisuwa, bai tashi ba sai da ya shaida wa Hajiya Hansai, mai ɗakinka, cewa zai buga shi da bango mai ƙyalli ya sayar, in an bar masa shi kaɗai. Gidan da ya rasa mai ciyarwa ne, kowa ya sani. Ta ce, "Alhaji, da addu'a ake biyan Malam. Ba zan tare masa hanyarta ba."

To, mun ji. 'Yarka Bahijja da tsofaffin ɗalibanka za su ƙarasa babi biyun. Ni kuwa sinadarin da na sani bai wuce kanwa ba, amma na san ƙofar kwamitin. Can zan riƙa ɗaukar sandata kowace Litinin har a fitar da shi kyauta, da layinsa.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya ba Hajiya Hansai, Bahijja da dangi haƙuri. Wanda ya karanta wannan ya kwafa, ya ba wani, ya yi wa Zulkiflu addu'a.

Falalu Ɗanladi, Atrone