Metir Abdoulaye, Wanda Ya Koya wa 'Yata Yi wa Babba Ihu

"Mama, in dai Mahdi ya fi ni iyawa, me ya sa yake kuka in na riƙe masa hannu?"

'Yata Kamila ce ta jefo mini wannan tambayar a falon Yaya Nazira, yayar mijina, muna tsaka da cin abinci, ga kuma ita, uwar Mahdin, a zaune. Na ce, "Ke, ci abincinki." Yaya Nazira ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ta ce, "Ai shi ɗamararsa ja ce, ba ya biye wa ƙanana."

Yaran nan biyu makarantar taikwando ɗaya suke, ko in ce sunan ne ɗaya. Irin makarantun nan ne na kuɗi masu rassa a unguwanni, allonsu iri ɗaya, farar rigarsu iri ɗaya. Mahdi yana reshen Cocotiers, Kamila tana na Nkembo, kuma tare suka fara. A wasan nan launin ɗamarar da yaro ke ɗaurawa shi ke nuna matsayinsa. Mahdi ya wuce rawaya, ya wuce koriya da shuɗiya, ya kai ja. Kamila kuwa tana nan a rawaya kamar an dasa ta.

Na yi ta tambayar iyaye mata. Wannan ta ce babu kamar makarantar a duk Libreville, waccan ta ce kantin sayar da ɗamara ne kawai. Har yau ban san wadda zan gaskata ba, kuma na fara zargin dukansu gaskiya suka faɗa. Abin da na sani shi ne mutumin da ke cikin reshenmu, kuma saboda shi na ɗauki alƙalami.

Metir Abdoulaye, malamin da ke koyar da su, mutumin Maraɗi ne, gashin kansa ya fara fari, yana ɗan ɗingishi a ƙafar hagu. Daga unguwar Akébé yake shigowa taksi-bis, ƙaramar bas ɗin haya, tun kafin a tashi yara daga lakwal, wato makarantar boko. Ƙulu, mai sayar da fanke a bakin ƙofar, ta ce shekarun da ta yi a wurin ba ta taɓa ganin yaro ya riga shi zuwa ba. Shi ke share shimfiɗar roba da kansa, yana bi da tafin hannu ko akwai ƙusa ko tsinke. In ruwan sama ya tsuge, kamar yadda ya saba a garin nan, sai ya tara bokiti inda kwano ke yoyo, ya matsar da yara gefe. Yana duba farcen kowa kafin a fara. In aka tashi kuma, sai ya tsaya a ƙofa, ba ya motsawa sai ya ga hannun da ya karɓi kowane yaro.

Ni dai dalilina na kai Kamila ba mai tsawo ba ne. Ina da goyo, ba kullum nake iya ɗauko ta ba, ita kuma daga lakwal sai ta ratsa cunkoson kasuwar Mont-Bouët kafin ta kai shagon babanta. Na so ta iya kare kanta. A raina na hango ta tana ɗaga ƙafa sama tana fasa katako, irin hotunan da Yaya Nazira ke turo mana a waya.

Abin da na tarar daban ne. A sauran rassa, in yaro zai kai naushi, wata ƙara yake yi wadda ba ta da ma'ana. Shi Metir, a ƙarshen kowane darasi, sai ya jera su, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana damƙe wuyan hannunsu. Dole yaro ya murɗe ya ƙwace, ya kalli tsakiyar idonsa, ya kurma ihu, "Ban san ka ba! Sake ni!" da Hausa da Faransanci, sannan ya ruga zuwa bango. Yaran Gabon da na Kamaru da ke ajin tun ranar farko suka iya. Namu na Hausawa ne suka kasa. Kamila takan ƙwace hannun sarai, sai ta sunkuyar da kai ta faɗi maganar can ƙasan maƙoshi.

To ai mu muka koya musu. Tun tana rarrafe nake ce mata duk babba babanki ne, ba a kallon idonsa, ba a ɗaga masa murya, in ya kira ki ki je. Na same shi na ce, "Metir, ni fa na rasa gane abin nan. Taikwando na kawo ta koya ko rashin kunya?"

Ya ce, "Maman Kamila, ɗiyarki ƙafarta ta fi ta kowa kyau a ajin nan. Amma yarinya ce. Ƙato in ya ɗauke ta, wace ƙafa? Muryarta ita ce makaminta, ku kuma kun kulle ta a gida."

Na ce, "To ɗamarar fa? Ɗan uwanta har ya kai ja."

Ya ce, "Allah shi sanya albarka. Ni sai na ji muryar."

Na fito raina a jagule. Ƙulu ta ja ni gefe ta ce wai ko daga babban ofishin makarantar an sha zuwa a ce masa reshensa ne ya fi jinkirin ba da ɗamara, iyaye na kwashe yara suna kai su inda ake sauri. Ta ce amsarsa kullum ɗaya ce: "Ku ba su da hannunku, ni ba ni ɗaura wa yaro ƙarya a ƙugu."

Ana nan, wata rana da kasuwa ta cika, Kamila tana hanyar shago sai wani dattijo ya kama hannunta ya ce da Hausa, "Ke ba 'yar gidan mai atamfa ba ce? Zo mu je wurin babanki." Yarinyar nan ta murɗe, ta ƙwace, ta tsala ihun da masu kifi na can ƙarshen layi suka ji. Kafin ka ce me, matan kasuwa sun zagaye mutumin, wata har ta cire takalmi. Ita kuwa ta ruga ta faɗa shagon babanta tana haki.

Dattijon nan Alhaji Uwaisu ne, abokin surukina, bai daɗe da sauka daga Kano ba. A hoto ya san ta, ita ba ta taɓa ganinsa ba. Abban Kamila ya je da gudu ya raba shi da matan, ya yi ta ba da haƙuri har muryarsa ta dushe. Da ya dawo gida ya ce, "Ki yi mata faɗa." Wane faɗa zan yi? In ce ta yi laifi? In da ba Alhaji ba ne fa? In ce ta kyauta? Ga dattijo an kusa jifansa da takalmi a gaban jama'a. Na zauna na rungume ta kawai, ita tana kuka, ni ina kallon bango.

Washegari na kwashe labarin na faɗa wa Metir. Bai yi dariya ba, bai kuma yi murna ba. Ya durƙusa a kan gwiwarsa mai ciwo ya ce, "Kamila, kin san shi?" Ta ce a'a. Ya ce, "To kin yi daidai. Yanzu da kika san shi, sai ki tafi ki gaishe shi da ladabi." Ranar Juma'a ya sa jallabiyarsa ya raka mu da ƙafarsa har masaukin Alhaji. Kamila ta durƙusa ta gaishe shi. Alhaji ya amsa da ƙyar, ya ce, "Wannan jikar tawa, ko ladan bai kai ta murya ba." Har yanzu in mun haɗu gaisuwarsa a taƙaice take, ban kuma ga laifinsa ba. A makon ne aka ɗaura wa Kamila koriyar ɗamara.

Ƙarshen watan nan Metir Abdoulaye zai ajiye aiki. Gwiwar ta ƙi, likita ya ce ya isa haka. An ce za a turo wani matashi daga wani reshe. Mai yiwuwa nagari ne, ban sani ba. Allon dai yana nan yadda yake, rigar ma haka, kuma duk wanda ya zo gobe zai ji ana yabon reshen Nkembo ba tare da ya san wanda ake yabo ya tafi ba.

Metir, kai ne ka tsaya a ƙofa ranakun da muka makara. Kai ne ka yarda iyaye su yi fushi da kai, ofis ya yi fushi da kai, don kada yaro ya fita titi yana zaton ya iya abin da bai iya ba. Na Maraɗi, mai tsaron 'ya'yan mutane. Ka bar ni da aikin da ban san yadda zan ƙarasa ba, na koya wa 'yata kunya da ihu a lokaci guda, amma na gode. Allah Ya ba gwiwar nan lafiya, Ya saka maka a kan naka 'ya'yan. Masu koyar da yaranmu a sauran rassa, ga wanda za ku duba.

Ke kuma 'yar'uwa da ke shirin kai naki, kada sunan makaranta ya ruɗe ki, kada hoton fasa katako ya ruɗe ki. Ki shiga ki zauna a yi darasi a gabanki, ki ga wanda zai taɓa ɗanki, ki ga ko yana tsayawa a ƙofa. In kuma ɗanki ya dawo da sabuwar ɗamara, kafin ki yi guɗa, ki damƙe wuyan hannunsa da ƙarfi ki ga abin da zai yi. In ya tsaya yana kallon ƙasa, ki sani haka zai tsaya wa wanda ba ke ba.