Yaya Tanko da Ruwan Nilu

Ku da kuka san yayana Alhaji Tanko, kun san ba a miƙa masa ruwa ya sha kamar kowa. Sai ya kurɓa, ya juya shi a baki, ya dubi sama, sannan ya ce, "Bai kai Nilu ba." Rijiyar gidanmu, rafin Gayam, har ruwan sama da na tara masa a sabuwar ƙwarya, duk ba su kai ba. Tun da ya dawo daga hajji ta ƙasar Masar, inda kogin Nilu yake, kan garin nan ya ɗaure, har yau bai kwance ba.

Shi ya ce mana a can akwai duwatsu masu tsini da mutane suka gina da hannu, ba ƙofa.

Na ce, "Yaya, dawa ake zubawa a ciki?"

"Gawa, Kande. Gawar sarki."

"Duk ginin nan don mutum guda?"

Da kaka sai ya gina rumbu irinsu, ya zuba hatsinsa ta sama, ya liƙe tsinin da laka. Da bazara na iske shi da gatari yana sarar gindin. Ko kunya! Ya ce, "Su ma ɓarayin can haka suke shiga."

Ya kuma ba maharba labarin wani zaki mai kan mutum, ba hanci, kwance cikin rairayi. Wani Bagwari ya tambaye shi ta ina kibiya ke kama shi. Ya ce, "Ai na dutse ne." Bagwarin ya ce, "To me ya cinye hancin?" Yaya ya tashi wai lokacin salla ya yi.

Duk muna dariya, sai Audu, ɗan da nake da shi kaɗai, ya ce zai bi ayari ya gano da idonsa. Na yi wa Yaya kashedi, bai ji ba. Kullum suna gindin tsamiya yana zuba masa: takalminka a hammata in za ka shiga masallaci, kada ka tsaya bayan raƙumi, kasuwar Alƙahira in ka saki rigar abokinka kun rabu ke nan.

Audu ya ɗaure kaya. Yaya ya dube shi ya ce, "Ka iya hawan raƙumi?" A dajin nan namu ina raƙumi? Aka aro takarkari a rugar Fulani, aka jibga masa tabarmi don ya yi tsawo, Audu ya hau, ya sauka cikin ƙaya. Kafin ƙafarsa ta warke ayari ya wuce.

Da wani ranin ya zagayo Yaya ya ce, "Mutanen can wake suke karyawa da shi. Cikinka ya saba?" Audu ya shekara yana cin wake da safe. Mu da muke gida ɗaya da shi mu muka sha wuya.

Bayan nan kuma wai ba a shiga Masar da tuzuranci. Aka yi aure, aka haihu, aka sake haihuwa.

Ni dai ina kallo. Na lura sabon sharaɗi ba ya fitowa sai an ji labarin ayari. To, mutumin nan tura yaron yake, ko riƙe shi yake? Ranar da ciwon ajali ya kayar da Yaya na tambaye shi, ban sassauta ba.

Ya ce, "Kande, mu da yawa muka fita ta ƙofar garin nan. Wa kika ga ya dawo tare da ni?"

"To don me kake kwaɗaita masa?"

"Ai wurin da kyau!"

Ku ji fa! Sai ya nemi ruwa. Audu ya ɗebo a rijiyarmu, ya tallafi kansa. Ya kurɓa, ya juya, ya dubi sama.

"Kawu, ya kai?"

"Bai kai ba." Amma ya riƙe ƙwaryar gam. "Ƙaro."

Ga Audu nan a gona, da furfura, bai taɓa wuce garin Tabanni da ke nan kusa da mu ba. Allah ya jiƙan Yaya, ya yafe masa, ya haɗa shi da waɗanda ya bari a hanya. Allah ya shayar da shi ruwan Alkausara. Wannan kam na san ba zai kushe ba.